Suna linzami ne: na Sarkin Musulmi Bello ko na Turji?

Ɗan Gidan Goro: Salamu alaikum. Ana gobe suna aka kusa ɓata zumunci a gidanmu. Yayana ya ce Bello za a raɗa wa jaririn, matarsa ta ce ɗanta ba zai zama takwaran ɗan bindigar nan Bello Turji ba, ai suna linzami ne. Kawu ya ce shi ya sa ma za a sa, linzamin Muhammadu Bello ɗan Shehu ake nema. Kowa da karin maganar ya kare kansa. Wa ya fi gaskiya?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe. Kakan Sa'idu bin Musayyib sunansa Haznu. Annabi (SAW) ya ce masa kai Sahlu ne, ya ce ba zai canja sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsanani bai bar gidansu ba. Yana cikin Bukhari.

Bazamfariya: Allah gafarta Malam, to Abubakar fa? Tafawa Ɓalewa Abubakar ne, Malam Gumi Abubakar ne, Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi shekara 50 a kan gado, 1938 zuwa 1988. Shekau ma Abubakar ne. Linzami ɗaya, wannan doki ya nufi masallaci, wancan ya nufi Sambisa? Amma duk da haka ban ga laifin matar ba. Mu mutanen Shinkafi mun san abin da sunan nan ke tuna mana.

Audu Mai Shayi: Ku duk kun kauce. Linzami na juyo da doki ne. Ka kira mutum da sunansa a tsakiyar kasuwa ya waiwayo, shi ke nan. Ba ruwanta da hali.

Na-Kantin Kwari: To Audu, akwai wanda muka zaɓa, sunan babban sahabi gare shi. Tun da ya tafi Abuja muke kira bai waiwayo ba.

Audu Mai Shayi: Bari zaɓe ya matso, da taliya da atamfa zai waiwayo.

Uwar Biyu: Ku bari in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta. Wabi ta yi ta yi, duk wanda ta haifa ba ya kaiwa yaye. Da ta haifi babana, tsofaffin gida suka ɗauke shi suka ajiye a kan juji, wai an yar, sannan aka ɗauko. Sunan yanka Muhammadu, amma har ya tsufa Ajuji ake ce masa. Shi ya rayu, ya yi fataucin goro har Gwanja, ya kai ta Makka. Lokacin rikicin Maitatsine a Kano, 1980, wata maƙwabciya ta ce mata ashe shi ma Marwa, wato Maitatsinen, Muhammadu ne. Kaka ta ce: "Nawa da ake kira da juji ya kai ni ɗakin Allah, wancan mai sunan Manzo ya cika 'Yan Awaki da gawa." Ba ta ƙara yi wa matar magana ba sai da azumi ya zo.

Malam Na-Zaure: Allah ya jiƙanta. Sai dai ajiye jariri a juji camfi ne, ba shi ya raya shi ba.

Uwar Biyu: Malam, na sani. Amma matar da ta binne 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ba ni zan yi mata wa'azi ba.

Bazamfariya: Wai har yanzu ana sa Ajuji kuwa? Mu nan sai Amira da Hanan.