Shawarwarin 'Yan Gem Kan Haske da Fuskar Ɗan Wasa

A wani shagon gem da ke Jekadafari, Gombe, mun yi muhawara kan abin da ya sa ɗan ƙwallo ɗaya yake da kama biyu, a na'urorin gem na PlayStation, wato PS2 da kuma PS5 da ta fito a 2020. Mai shagon ya ce ba zanen fuska kaɗai aka gyara ba, haske ne kan gaba: yanzu zufa na ƙyalli a goshi, gashi ma yana da inuwarsa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a ƙure hasken talabijin. Baƙar fata ce ke fara shan wahala, sai ka ga ɗan wasa ya yi furu-furu kamar wanda hunturu ya buge. Wannan kam yana damuna ƙwarai. A rage haske har inuwar ƙarƙashin haɓa ta fito, kuma a kashe HDR, wato tsarin da ke ƙara bambancin haske da duhu a hoto, idan allon ba ya ɗaukarsa sosai.

Wani ya ce mai son kyan fuska ya zaɓi tsarin inganci, wanda ke fifita kyan hoto a kan sauri, sai dai a wasanni da yawa hotuna 30 zai samu a daƙiƙa maimakon 60. Masu buga ƙwallo dai suka ce su sauri suke so.