Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba wuƙar da Turawa ke kira tactical folding knife?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Masu sayar da kaya ta intanet suna ta tallar wata irin wuƙa da sunanta na Turanci, wasu kuma sun fara fassara shi da "wuƙar dabarun yaƙi". Ina ganin wannan fassara ba ta dace ba, kuma tana da illa, domin tana sanya kayan aiki cikin sahun makamai a ƙasar da ta sha wahalar 'yan daba.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Wuƙa ce wadda ruwanta ke ninkewa ya shige cikin mariƙinta, saboda haka ba ta bukatar kube. Wannan kaɗai ba sabon abu ba ne: wuƙar Opinel ta Faransa tana nan tun 1890, wuƙar Okapi kuma an fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Irin waɗannan duka "wuƙar aljihu" ko "wuƙa mai ninkewa" ya wadatar da su, kuma babu dalilin taɓa waɗannan sunaye.

Wadda muke magana a kanta ta bambanta da su ta hanyoyin da aka ƙirƙiro a Amurka. A 1980 maƙeri Michael Walker ya kyautata wani siririn ƙarfe da ke cikin mariƙi, wanda ke tokare gindin ruwan da zarar an buɗe shi, ta yadda ba zai rufe a kan yatsu ba. A 1981 kamfanin Spyderco ya fito da wuƙa mai huda a jikin ruwanta domin a buɗe ta da babban yatsa, tare da ɗan ƙarfen da ake maƙala ta da shi a bakin aljihu. Daga baya maƙera irin su Bob Terzuola da Ernest Emerson suka haɗa waɗannan da ruwa mai kauri da mariƙi mai kaushi wanda ba ya santsi ko hannu ya jiƙe, suna nufin sojoji da 'yan sanda da masu aikin ceto. Manufar ita ce mutum ya zaro ta, ya buɗe ta da hannu ɗaya yayin da ɗaya hannun ke riƙe da wani abu, ya yi aiki mai nauyi ba tare da fargabar za ta ci amanarsa ba.

Saboda haka nake ba da shawarar "wuƙar ko-ta-kwana". Bahaushe ya riga ya san shirin ko-ta-kwana a wurin ma'aikatan kashe gobara da na asibiti da matafiyi mai hangen nesa, kuma ma'anarsa ita ce zama cikin shiri domin bukatar da ba a san lokacin zuwanta ba. Direban da zai yanke bel ɗin kujera bayan hatsari, da makiyayin da igiya ta sarƙe wa dabba a wuya, su ne ainihin masu wannan wuƙa, ko da yake yawancin kwanakinta a farke kwali da kwance bakin buhu da fere rake za su ƙare. Na san za a ce kalmar tana da ƙamshin jami'an tsaro, amma haka asalin ta Turancin take, kuma tamu ba ta ambaci yaƙi ba.

Ƙarfen da ke hana ta rufewa kuwa, na fi son "sakata" a kan "makulli", domin makulli yana neman mabuɗi, sakata kuwa tokarewa take yi, hannu kuma ya janye ta. A nan ingancin wuƙar yake. Wadda ruwanta ke girgiɗi bayan sakatar ta kama, ko ƙusar da yake juyawa a kanta ta yi sako-sako, ba ta cancanci sunan ba komai kyawun fentinta. Ƙarfen da aka ƙera ruwan da shi ma abin dubawa ne: nau'in da ake kira D2 yana daɗewa da kaifi amma yana wuyar wasawa kuma yana iya yin tsatsa idan aka bar shi da laima, 440C kuwa ya fi jure damina. Kada kuma a ɗauke ta wuƙar yanka, domin ruwanta bai cika wuce inci 4 ba, jini kuma yana taruwa a mahaɗarta.

Abin da ya rage shi ne ɗan ƙarfen aljihun. Ni "maƙali" nake kiransa, amma ina roƙon maƙeranmu da dukawa, musamman na Kano da Sakkwato da Damagaram, idan akwai kalmar da suke amfani da ita ga irin wannan a sana'arsu, su kawo ta mu ɗauka.