Tambaya kan irin ƙirya: wai ba a ɗibar iri daga icce guda?

Ba'adare_Tawa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin itatuwa ku taimaka muna. Mu ƙungiyar samari ce nan Tawa, muna da 'yar pepiniyar bayan gari, kowace shekara dai dogon yaro da turare muke fiddawa, bana munka ce bari mu gwada ƙirya tunda ta kusa ɓacewa wajenmu, yaran yanzu da yawa ba su ma san kamarta ba. Akwai wata babba cikin gonar kawuna can wajen Ƙonni, tana zuba ɗiya sosai har a cika buhu, sai na ce shi kenan iri ya samu kyauta. To wani ma'aikacin gandun daji da munka gaya ma sai ya ce a'a kada mu ɗebi iri duka daga uwa guda, wai jininsu ɗaya. Shina sauri bai tsaya bayani ba. Ni abin ya ɗaure mani kai, icce ne fa ba tumaki ba. Kuma wani abokinmu direba ya ce zai kawo muna iri daga Gaya tunda can ta fi yawa kuma ta fi girma. Wanne ya fi? Muna son su kai dashe kafin 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa.

Malam_Gandu (Yamai):
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Mutumin nan gaskiya ya gaya maku. Icce ma yana da gado, kowace ƙirya da abin da ta gada, wata ta fi jure fari, wata saiwarta ta fi saurin nutsewa ƙasa, wata ƙwari ba su cika damunta ba, kuma ba ka ganin wannan da ido sai ranar da wahala ta zo. In kun ɗebi iri daga uwa guda to duk abin da kuka dasa 'yan uwa ne, ciwon da ya iya da ɗaya ya iya da sauran. Kuma akwai abin da ya fi wannan: furen ƙirya ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke kai garinsa daga icce zuwa icce, to wadda take tsaye ita kaɗai cikin gona babu 'yar uwarta kusa, ubannin 'ya'yanta kaɗan ne ƙwarai, wani sa'in ma ita da kanta ce. Bayan shekaru in naku sun girma za su yi ta barbara tsakaninsu, irin da zai fito nan gaba sai ya riƙa raunana, tsirowa kaɗan, girma a hankali.

Abin da masu aikin iri ke bi shi ne a tara daga uwaye kamar 25 zuwa 30, kuma tsakanin uwa da uwa a samu tazara kamar mita 100 ko fiye don kada ka yi ta ɗibar 'yan ɗaki guda, a ɗebi kusan daidai daga kowace sannan a gauraya. Kada ku zaɓi masu yawan ɗiya kaɗai.

Maganar Gaya kuwa ni ban ba ku shawara ba. Ruwan Gaya yana kai milimita 800 a shekara, naku na Tawa kusan rabin haka ne. An taɓa gwada wannan a tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an tara irin ƙirya daga wurare daban daban na Nijar da Burkina aka shuka fili guda aka bi su shekaru, sai aka ga waɗanda suka fito daga wurare masu ƙarancin ruwa sun fi rayuwa kuma sun fi girma. Girman da direbanku ya gani a Gaya ruwan Gaya ne ya ba ta, ba zai biyo buhu ya zo Adar ba. Ku nemi na yankinku, Ƙonni, Illela, Madawa, duk inda tsofaffin suka rage.

Ɗan_Maƙera:
Hmm ƙirya manya. Mu dai ba za mu yi musu ba muna cikin waɗanda sunka cinye ta, gawayinta babu irinshi wajen ƙira, wuta mai ƙarfi kuma ba shi saurin zama toka, tsohona in ba gawayin ƙirya ba ba shi ko hura zugazugi. Ga turmi ga taɓarya ga ƙotar kalme ga ginshiƙin rumbu don gara ba ta cinta. Amma abin da nike so in ƙara ga maganar Malam, mai sassaƙa in ya shiga daji ba shi sarar karkatacciya, miƙaƙƙiya mai kauri yake nema, shekara da shekaru haka ake yi, to waɗanda sunka rage yanzu su ne waɗanda kowa ya ƙi. Kenan ko irin da za ku samu na ragowa ne. Don haka in kun ji labarin wata miƙaƙƙiya mai lafiya ko da nisa ku je ku ɗebo nata, irin waɗanda ke cikin maƙabarta ko bakin fadar hakimi da ba a taɓawa.

Inna_Mai_Daddawa:
Ɗana ku yi da wuri, ɗiyan ƙirya ba su jiran kowa, da sun faɗo awaki da shanu sun tsince, abin da ya rage mu mata mu kwashe mu yi daddawa. Shi ya sa ba ka ganin ƙanana ƙarƙashinta. Ku je ku gaida matan ƙauyukan ku ce kowace ta ware maku tafi guda daga iccen da take tsinta, sun fi ku sanin inda kowace ƙirya take wallahi. Amma kada ku sayi na kasuwa, wani an riga an dafa shi.

Sarkin_Musu:
Ni fa ina ganin ana wahal da yaran ga da ilimin turawa. Uwa 30 ina za su same ta, da wane kuɗin esansi? Abin da ke kashe dashe ƙasar ga akuya ce da rashin ban ruwa, kowace 3 ga Agusta ana dasa dubbai a ɗauki hoto, watan Maris ka koma ko kara babu. A fara da griyaji, shingen waya, tukuna. Dogon yaro da ya cika kwarin Majiya da Yamai wa ya ƙirga mashi uwaye?

Malam_Gandu (Yamai):
Sarkin Musu maganar akuya gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari, ƙirya tana da jinkirin girma, in babu shinge shekarun farko to aikin banza ne. Amma misalin dogon yaro da ka kawo ni ya taimaka wa. Baƙo ne daga Indiya, iri kaɗan aka shigo da shi Afirka ta Yamma aka yi ta yaɗawa, kuma farkon shekarun 1990 nan Nijar an ga yana ta lalacewa, ganye ya zube sai 'yan tsiraru can ƙarshen reshe, hankalin masu aikin Majiya ya tashi sosai tunda tun 1975 ake jera shi can don tare iska. Cikin dalilan da masana suka yi zato har da wannan ƙarancin bambancin iri. Kai da kanka ba ka shuka gero iri guda duk gonakinka, kana haɗa mai sauri da mai nauyi don ba ka san yadda damina za ta zo ba, to icce da zai shekara ɗari tsaye fa?

Kuma ba sai sun yi yawo da mota ba. In 30 ba ta samu ba 15 ta fi guda nesa. Su yi musaya da wasu masu pepiniyar, su tambayi ofishin gandun daji na Tawa, akwai kuma cibiyar irin itatuwa ta ƙasa nan Yamai da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Wata hanya mai araha ita ce sassabe na zamani, wanda ake ce wa RNA, da aka fara wajen Maraɗi shekarun 1980: kututturen ƙirya da aka sare da yawa saiwarsu na da rai, in manomi ya bar tofo biyu ko uku ya gyara su sun fi na leda saurin tashi, kuma gadon wurin ne da ya riga ya ci farin 1973 da na 1984. Tun 2020 akwai dikire da ya ba manomi haƙƙi kan iccen da ya raya haka cikin gonarsa. Ku haɗa biyun.

Kada mu bari ta bi hanyar madobiya, wadda 'yan kasuwar katako suka yi ta kwasa zuwa Sin daga ƙasashen yankin nan har aka sa ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin itatuwa da namun daji masu haɗari, a 2017, a 2018 kuma IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin masu haɗarin ƙarewa.

Ba'adare_Tawa:
Mun gode ƙwarai Malam, Inna mun gode, za mu bi ta wajen mata kamar yadda kinka ce, na kawu kuma mu sa shi cikin gauraye. Direba ya huta. Saura abu guda, ƙwayar tauri gare ta kamar tsakuwa, haka za mu sa ta cikin leda?

Malam_Gandu (Yamai):
A'a za ta daɗe ba ta tsiro ba. Ku tafasa ruwa ku sauke, ku zuba ƙwayar ciki ta kwana, ko ku ɗan karce bawon da abin yankan farce ta gefen da ba ido ba. Ku nemi leda mai tsawo saboda saiwar, kuma ku shuka cikin Afrilu in kuna son su kai Agusta. Kowane buhu ku rubuta sunan ƙauyen da ya fito kafin ku gauraya.

Sarkin_Musu:
To griyajin dai wa zai biya?