Tsirran tukunya a gida: wanne ke amfanar lafiya, me ke kashe su?

Maman Haidar: Assalamu alaikum. Masu ajiye tsirrai a tukwane, a taimaka da abin da aka gwada aka gani. Gidan haya ne, tsakar gidan siminti, rana na shiga baranda daga hantsi zuwa azahar. Da wanne ya kamata a fara, wanda zai amfani iyali? Kuma gaskiya ne wai akwai masu tace iskar ɗaki?

Malam Mai Lambu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da alobera, tana da juriya. Amma kafin tsiro, tukunya. Ko ta yumɓu ce ko bokitin fenti, dole a huda gindinta wuri huɗu ko biyar. Haɗin ƙasa: kwano 2 na yashi mai ɗan tsakuwa, kwano 1 na ƙasar lambu, kwano 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, zallar laka kuma tana riƙe ruwa har saiwar ta ruɓe.

Yawancin aloberar da ke mutuwa a gidaje, yawan ban ruwa ne ke kashe ta. A tsoma yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu; in da danshi, a ƙyale ta. In ta bushe, a zuba har ruwan ya fito ta ƙasa. Da bazara kusan sau ɗaya a mako, da hunturu kwana 10 zuwa 14, da damina a janye ta daga bakin indararo. Ganye ya yi laushi ya koma rawaya daga gindi, ruwa ya yi yawa. Ya motse ya yi ja-ja, ƙishi ne ko rana ta yi mata yawa.

Anti Nas: Ƙari kan bayanin Malam, wajen amfani da ita ake kuskure. A yanki ganyen waje mafi kauri daga gindi, a jingine shi a kofi minti 15, wannan ruwan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye. Shi ne ke sa gudawa da murɗar ciki, don haka mai juna biyu da mai shayarwa kada su sha. Sai a fere, a kwashe farin mai yauƙi, a fara gwada shi a cikin damtse don wasu yana sa musu ƙaiƙayi. In ƙuna ce ƙarama, a fara sanyaya wurin da ruwa mai gudu kamar minti 20, sannan a shafa. Ƙunar da girmanta ya kai tafin hannu, ko ta fuska, ko a jikin jariri, ta asibiti ce kai tsaye.

Injiniya: Maganar tace iska tana da asali. A 1989 hukumar NASA ta Amurka ta gwada tsirrai a cikin ƙananan akwatuna rufaffu, aka ga suna rage wasu sinadarai. To ɗaki ba akwati ba ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel sun sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka lissafa cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska ta yau da kullum ke yi. Wato buɗe taga ya fi. Kuma tunda hunturu na tafe: babu tsiron da ke shanye gubar hayaƙin gawayi ko na janareta. Kaskon wuta a ɗaki rufe yana kisa ko da ɗakin ya cika da ganye.

Malam Mai Lambu: Haka ne, Injiniya. Duk da haka moda ta cancanci zama a falo, mai dogayen ganyaye kamar takobi. Da dare take buɗe ƙofofin ganyenta, shi ya sa ake kuranta ta, sai dai iskar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba. Amfaninta na zahiri: tana jure ƙarancin haske da mantuwa, kuma koren ganye a ɗaki yana sanyaya ido. Ruwa sau ɗaya a mako 2 ko 3. Ana yawaita ta da yankan ganye kamar santimita 10, a bar yankan ya bushe kwana 2, a dasa ɓangaren ƙasa a ƙasa. In aka kifa shi ba zai yi saiwa ba.

Hajiya Mai Shayi: Ni dai na'a-na'a da ɗaɗɗoya zan ce, su ne ake ci a gani. Su kuma akasin alobera ne, ba sa son ƙasa ta bushe. Ki sayo na kasuwa mai ɗanyen kara, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 saiwa za ta fito. Na'a-na'a ita kaɗai a tukunyarta, don mamaya gare ta. A riƙa tsinke kan tsiron don ya yi rassa, ɗaɗɗoya kuma a cire furenta da zarar ya leƙo, in ba haka ba ganyen ya ragu. A Maris da Afrilu ranar safe ta ishe su. Mai fama da ƙwannafi ya yi hankali da shayin na'a-na'a, yana iya tayar masa.

Maman Haidar: Na gode ƙwarai. Ɗaɗɗoyar tana korar sauro kamar yadda ake faɗa?

Anti Nas: A tsaye cikin tukunya, a'a, ƙanwata; kada ki naɗe gidan sauro. Tukwanen ma na iya haifar da shi. Ruwan da ke kwanciya a farantin ƙarƙashin tukunya ya ishi sauro ya yi ƙwai, ya zama babba cikin kwana 7 zuwa 10. A zubar bayan ban ruwa ko a cika farantin da yashi. Tsiron da ke cikin kwalbar ruwa a sauya masa duk kwana 3, a goge cikin kwalbar.

Sai masu dafi, tunda akwai yara. Itaciyar da ake kira kariya furenta kyakkyawa, amma ruwanta guba ne. Akwai mai faffaɗan ganye da fararen ɗigo, Dieffenbachia, da ake yawan sayarwa a bakin titi: yaro ya tauna, baki da harshe su yi raɗaɗi su kumbura. A kuskure masa baki, in numfashi ko haɗiya ta yi wuya a garzaya asibiti da ganyen a hannu. Moda ma kan sa amai in an ci, a ɗora ta sama.

Injiniya: Ƙurar hunturu tana toshe ganye, a goge da tsumma mai laima duk mako. Farin ɓawo a saman ƙasa gishirin ruwan burtsatse ne: a kankare, a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya a wata ya wanke ta ƙasa. Fararen ƙwari masu kama da auduga a hammatar ganye, ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa a lita 1, a fesa da yamma, a maimaita bayan kwana 5 har sau uku. Fesawa da tsakar rana ganyen ne zai ƙone.

Hajiya Mai Shayi: Wanda za a ci kuwa a wanke shi sosai bayan feshin, kuma maganin ƙwarin gona kada ya kusanci tukunyar na'a-na'a.