Muhawara: panda da aka haifa a killace, an cece shi ne ko an adana shi?

Auta: Assalamu alaikum, mutanen gida. Jiya mun samu hutu a makaranta, na je cibiyar kiwon panda, wato dabbar nan mai launin baƙi da fari da ke cin gora, da ke nan Chengdu a ƙasar Sin. Da sassafe na isa, don idan rana ta ɗaga shigewa suke yi ɗakin sanyi su kwanta. Na tarar da wata uwa ta zauna kamar mutum, ta jingina bayanta da kututture, ta riƙe sandar gora da hannu ɗaya tana ɓare bawon da haƙori, tana zubarwa a kan cikinta. Mutane sun yi cincirindo da wayoyi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. A 1987 aka buɗe wurin da panda shida kacal, waɗanda aka tsinto a daji cikin yunwa da ciwo. Yau waɗanda ke hannun mutane a duniya sun haura 700. Wallahi na fito ina ganin an ceci wannan dabba.

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, ban yarda da kalmar ceto ba. Dabbar da aka haifa a ɗaki, ta tsufa a ɗaki, ta mutu a ɗaki, an adana ta ne kawai. Cikin 700 ɗin nan da ka faɗa, waɗanda aka haifa a killace aka sake su daji ba su kai ashirin ba. Sauran fa?

Kawu: Ku bi a hankali. Ni da na yi shekaru ina aikin dabbobi, na san abin da ake nufi da dabba mai wuyar haihuwa, kuma panda ya fi duk wanda na taɓa riƙewa. Macen sau ɗaya take neman barbara a shekara, kuma kwana ɗaya zuwa uku ne kawai za ta iya ɗaukar ciki. In ya wuce, sai baɗi. Shi ya sa masu kula da su ke auna fitsarinta kullum idan lokacin ya gabato, in namiji ya kasa sai a ɗura mata irinsa da hannu. Jaririn kuwa kusan giram 100 yake zuwa, jajir, ba gashin kirki, ido a rufe, alhali uwar ta kai kilo 90 ko fiye. Kusan rabin haihuwarsu tagwaye ne, kuma a daji ɗaya uwar ke ɗauka, ɗayan ya mutu. A cibiyoyin nan suka gano dabarar musanya: ɗaya yana jikin uwa yana shan nono, ɗaya yana cikin kwalba irin ta bakwaini, bayan wasu sa'o'i a sauya su. Jaririn da ba shi da rabon kwana biyu a daji ya rayu. Me za ka kira wannan, Yaya?

Goggo: Allah sarki. Ita uwar ba ta gane an sauya mata ɗa?

Kawu: Sukan ɗauke mata hankali da ruwan zuma ko wani abin marmari, Hajiya, sai a zare wannan a ajiye wancan. Yawanci karɓa take yi.

Goggo: To ni abin da ya tsaya mini a rai ke nan. An ce a daji ɗan yakan yi shekara ɗaya da rabi ko fiye yana bin uwarsa. A nan yaya ake yi?

Kawu: Gaskiya a nan akwai abin faɗa. An daɗe ana yaye su tun suna 'yan watanni, don uwar ta sake ɗaukar ciki shekara mai zuwa. Yawa aka sa a gaba a lokacin. Ban kare wannan ba.

Yaya: Allah ya ƙara girma, Kawu, kun kawo ni inda nake so. Ɗan da bai zauna da uwa ba, wa zai koya masa daji? Ku tuna Xiang Xiang. An haife shi a cibiyar kiwon panda ta Wolong, aka yi shekaru ana shirya shi, aka sake shi a 2006. A Fabrairun 2007 aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara da karayar haƙarƙari, ana kyautata zaton faɗa ya yi da mazajen daji. Bai cika shekara guda a waje ba. Kuma ƙaruwar da ake murna da ita a daji, daga kusan 1,100 a shekarun 1980 zuwa 1,864 a ƙidayar da aka fitar a 2015, ba daga ɗakin haihuwa ta fito ba. Ƙasar Sin ta hana saran itace a dazuzzukan yankin a 1998, ta keɓe gandaye sama da sittin, ta tsananta hukunci a kan mafarauta. Shi ya sa a 2016 ƙungiyar IUCN mai sa ido kan halittun da ke cikin haɗari a duniya ta sauke panda daga jerin masu fuskantar ƙarewa zuwa mataki na ƙasa da shi. Daji ya yi aikin.

Auta: Yaya, ban musa ba, amma labarin bai tsaya a kan Xiang Xiang ba. Mutuwarsa ce ta sa suka sauya tsarin baki ɗaya. Yanzu uwar ake kaiwa wani babban shinge a kan dutse, ta haihu a can, ta yi renon da kanta. Masu kula ba sa zuwa kusa sai sun sa kayan da aka ɗinka da siffar panda, an shafe su da fitsari da kashin panda, ba sa magana, don kada ɗan ya saba da kamanni ko warin mutum. Haka aka reni Tao Tao, aka sake shi a gandun Liziping a 2012 yana da shekara biyu. A 2017 aka sake kama shi don dubawa, aka same shi garau.

Kawu: Kuma ku lura da inda aka kai shi. Panda na daji ba a dunƙule suke ba, hanyoyin mota da gonaki sun yanyanka su gida-gida fiye da talatin a lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu, wasu gidajen 'yan tsiraru ne. Duk makiyayi ya san garken da ba a shigo masa da baƙon bijimi, jininsa lalacewa yake yi. Guda ɗaya da aka saka a irin wannan wuri ya fi ɗari a keji amfani, kuma daga kejin za a samo shi.

Yaya: To a yi kiwon gwargwadon wannan buƙatar mana. Me ya kai su Finland? Haya ake ba da su, kusan dala miliyan ɗaya a shekara kan namiji da mace, duk ɗan da aka haifa kuma na Sin ne, a mayar da shi. Gidan namun daji na Finland ya mayar da nasa a 2024 saboda ɗawainiyar ta fi ƙarfinsa. Na Calgary a Kanada ya mayar a 2020, don annobar korona ta tsayar da jiragen da ke kawo gora. Dabbar da ke cin gora fiye da kilo goma kullum, a kai ta inda abincinta sai ya hau jirgi?

Kawu: A wannan ina tare da kai rabi. An ce kuɗin na aikin kare daji ne, kuma ya kamata a riƙa nuna wa duniya inda kowace dala ta shiga.

Goggo: Ni dai tambayata ɗaya. Su waɗanda ba za a taɓa saki ba, suna jin daɗin zaman?

Kawu: Sun fi tsawon rai, Hajiya. Na daji shekara 15 zuwa 20 yake yi, amma Jia Jia ta Hong Kong ta kai 38 kafin ta mutu a 2016.

Goggo: Tsawon rai na ji. Ba shi na tambaya ba.

Auta: Goggo, wadda na gani jiya, da ta gama cin gorar sai ta hau wani dandamalin katako ta kife, ƙafa ɗaya na lilo, ta yi barci. Na tsaya kusan awa guda ina kallonta. Idan aka yi hutun ƙarshen zango zan hau mota zuwa Wolong, in ga yadda nasu wurin yake a gindin duwatsun, in turo muku hotuna.

Yaya: Idan ka je, ka tambaye su guda nawa suke shiryawa don saki bana.