Simvastatin da amlodipine tare, akwai matsala?

Dan Fagge: Salam 'yan uwa, babana yana shan amlodipine na hawan jini, aka kara masa simvastatin 40mg na kolestarol, yanzu cinyoyinsa ciwo suke, ko tashi daga sallaya da kyar, fitsarinsa kuma ya koma kalar shayi. Tsufa ne?

Maman Twins: Kai ku tafi asibiti yau, kar a jira gobe. Amlodipine na rage yadda hanta ke sarrafa simvastatin sai ya taru a jini ya rinka farfasa tsoka, dattin nan ne ke bata fitsari kuma yana iya taba koda. In ana hada su bai kamata simvastatin ya wuce 20mg ba.

Bazazzage: Wallahi gaskiyarta. Ku nemi gwajin CK (gwajin jini mai nuna ko tsoka na lalacewa) da na koda, ku tafi da kwalayen magungunan duka. Allah ya kara sauki.