Wa ya yi zanen, mai kyamara ko ƙwaron ruwa?

Mai Hoto: Assalamu alaikum jama'a. Hoton da na turo ɗazu ba aikin kwamfuta ba ne. Ɗigon ruwa ne daga kududdufin bayan unguwarmu. Na sa shi a ƙarƙashin madubin likita, na haska ta gefe yadda bayan zai yi baƙi ƙirin, sannan na bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa takwas. Zare-zaren hasken nan sawun ƙananan halittun ruwa ne da ake kira filankton. Ni dai na ce zane ne, kuma ni na yi shi.

Baba Mai Zayyana: Wa alaikumus salam. Yaro, abin ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ban yarda ba. Shekara talatin ina zayyanar allo. In layi ya miƙe hannuna ne, in ya karkace ma hannuna ne. Kai wane layi ka ja a nan? Wanda ya tarar da sawun tsuntsu a kan rairayi ai bai zama mai zane ba.

Malamar Bayoloji: Baba, ni ma ina kusa da ra'ayinka, amma ta wata hanya. Ina ganin hoton na fara karanta shi. Layin da ke tafiya guntu-guntu kamar ɗinkin hannu na wani ɗan ƙwaron ruwa ne mai suna Cyclops, shi da zabura yake tafiya, ya tsaya, ya sake zabura. Wanda ya murɗe kamar tufkar igiya kuwa irin tafiyar Paramecium ce, yana iyo yana juya jikinsa. A wurina wannan shaidar kimiyya ce. Sunan filankton ma daga Girkanci yake, ma'anarsa mai gantali, wani Bajamushe Victor Hensen ya raɗa shi a 1887, don igiyar ruwa ce ke kai su inda ta ga dama.

Mai Hoto: Malama, da shaida kawai nake nema, da hoton farko ya ishe ni. Na ɗauki sama da ɗari biyu kafin wannan. In na buɗe daƙiƙa biyu, ɗigo-ɗigo kawai nake samu. In na kai talatin, sai ya cukurkuɗe kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Ga zafin fitila yana busar da ruwan tun ban gama saiti ba. Ni na zaɓi launin hasken, ni na rage yawan halittun da ɗan bututu har suka koma huɗu, ni na zubar da sauran hotunan.

Ɗan Marina: Baba, a gafarce ni in sa baki. A Ƙofar Mata mukan ɗaure yadi mu tsoma a karofi. Inda ruwan baba zai ratsa da inda zai tsaya ba duka ke hannunmu ba. Sai an kwance ɗaurin an shanya muke ganin abin da ya fito, kuma ba a taɓa samun biyu iri ɗaya sak. Amma ba wanda ya ce karofi ne mai sana'ar.

Baba Mai Zayyana: Ɗana, ka kawo magana. Sai dai kai tun kana ɗauri ka san ko wata da taurari kake nufi ko wani abu dabam. Shi fa? Ya san abin da zai fito?

Mai Hoto: Rabi na sani, Baba. Na san in na sa Cyclops zan samu tsinke-tsinke. Inda zai nufa, wannan Allah kaɗai ya sani.

Malamar Bayoloji: Gardamar nan ta girme mu. Wani Bajamushe masanin halittu, Ernst Haeckel, ya zana ƙwansunan halittun teku da ya gani a madubi, aka buga tsakanin 1899 da 1904, masu gini da masu ado suka kwaikwaya. A Ingila kuma Klaus Kemp ya shahara da jera diatom, wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ƙwansonsu na gilashi ne, ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi har su zama fure. Kamfanin Nikon ma yana gasar irin waɗannan hotuna tun 1975, ya ƙara ɓangaren bidiyo a 2011.

Baba Mai Zayyana: Na biyun farko na yarda, hannu ya taɓa. Gasa kuwa ba hujja ba ce a wurina.

Anti Nas: Ku yi haƙuri, ni tunda Malama ta ambaci Cyclops hankalina ya bar zancen zane. Shi ne ke ɗauke da tsutsar kurkunu. Mutum ya sha shi a ruwan tafki, bayan kusan shekara tsutsa ta fasa ƙafa, galibi daidai lokacin noma. Na wanke irin ƙafafun nan da hannuna ina sabuwar ma'aikaciya. Muna raba ƙyallen tace ruwa, wata tsohuwa ta ɗaga ƙwarya ta nuna min ta ce, "'Yata, me kika gani a ciki?" Ban da abin nuna mata. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da cutar, a Chadi kuwa har yanzu ana samu. Ƙanena, hoton da Malama za ta sa a littafi ba zai tsayar da tsohuwar nan ba. Naka zai sa ta tsaya ta kalla, don yana da kyau.

Malamar Bayoloji: Anti, wannan ban da amsarsa. Ƙanena, ka turo min babba, zan manna a aji.

Baba Mai Zayyana: Hajiya, Allah ya saka. Amfaninsa ban musa ba, sunan da za a rubuta a ƙasan hoton nake magana. Yaro, ka kawo madubin shagona ranar Asabar bayan La'asar. Ni zan ɗebo ruwan, ni zan danna. In nawa ya fito kamar naka, ka san matsayata. In bai fito ba, sai mu sake zama.

Mai Hoto: In sha Allah, Baba. A samu kwalba mai tsabta, a ɗebo daga gefen da ciyawa take.